Nauyin Hannun Alhaji Tukur

A Dutsin-Ma, in ka ce kana neman Obadiya, sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Obadiya Mai Zare, ko mai tallan gyaɗa za ta nuna maka hanya: bayan tasha, gindin wata darbejiya da ta girmi rumfar da aka kafa a ƙarƙashinta. Nan za ka same shi tun da safe, wani siririn dattijo mai furfura har a gira, da tsohuwar hular saƙa wadda matarsa ta gaji da roƙon ya jefar.

Aikinsa ɗaya ne, saitin ƙafafun mota. Ba ruwansa da inji, ba ruwansa da waya. In ka kawo masa mota mai tari sai ya nuna maka rumfar maƙwabci. Kayan aikin nasa ma abin dariya ne: zare, da wani dunƙulen ƙarfe kamar ƙwan zabo da yake ɗaurewa a bakin zaren. Zai rataya shi a gefen taya, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya yi shiru har mai motar ya fara zaton barci ne ya ɗauke shi. Abin da yake dubawa shi ne tsayuwar taya, ko samanta ya kwanta ciki ko ya kwanta waje. Domin in tayar gaba ɗaya ta fi 'yar'uwarta kwantawa waje, can motar za ta riƙa ja, ko da direban waliyyi ne. Sai ya shiga ƙarƙashi, ya ƙara washa, wato siririn zoben ƙarfe, a nan, ya zare wata a can, har ƙafafun biyu su daidaita.

Yana saurayi ya zo garin daga kudancin Kaduna, zamanin da ake aikin madatsar ruwa ta Zobe, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma gida. Ranin nan har yau bai ƙare ba. Ba shi da gona a nan, ba shi da kabarin kaka, Hausarsa ma sai da ta sha dariya kafin ta nuna ta koma ta Katsinawa. Abin da ya mallaka a garin magana ce guda, wadda direbobi ke faɗa a tasha: motar da ta fito daga hannun Mai Zare, saki sitiyari ka sha shayinka. Da maganar nan ya yi aure, da ita ya aurar da 'yarsa Felicity, da ita yake shiga coci ran Lahadi kansa a sama. Yana ji da ita, har ya ɗan wuce misali.

Sai kuma Kwalekwale. Haka garin ke kiran motar amininsa Alhaji Tukur, wata tsohuwar koriyar mota mai kujera biyu, ba rufi, gajera har mutum yana iya miƙa hannu daga zaune ya taɓa kwalta. Ta wani injiniya ce Bature da Tukur ya yi wa direba a wajen aikin ruwan. Da zai koma ƙasarsu ya miƙa masa makulli ya ce ya riƙe. Tukur ya riƙe kuwa. Ya yi noma, ya yi fataucin hatsi, ya je Makka, ya hau motoci masu rufi da sanyi ya bar wa 'ya'ya, amma Kwalekwale tana nan a gefen zaure cikin bargo. Kowace damina, in gero ya fara fitar da kai, sai ya yaye bargon ya tuƙa ta da hannunsa zuwa Rawayau, ƙauyensu can ƙasar Kurfi, ya zaga gonar mahaifinsa, ya gaida yayarsa Gogo. Mutanen ƙauyen ba sa yarda damina ta zauna sai sun jiyo kukan motar nan daga nesa. Kuma kowace shekara Obadiya ne a kujerar gefe, bayan ya rataya mata zarensa.

Bana da rani hawan jini ya kayar da Alhaji Tukur a ƙofar masallaci, ɓarin hagu ya shanye. Da magani da addu'a ƙafa ta dawo. Baki ma ya dawo, har ya fi da kaifi. Hannun ne ya taso ya zo rabin hanya ya tsaya.

Wani hantsi, bayan an kwana ana ruwa, sai ga Kwalekwale ta shigo gindin darbejiya. Babban ɗan Alhaji ne ke tuƙi, Sirajuddeen, ma'aikacin ofishin gona, mutum mai natsuwa da ba a taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba. Alhaji yana kujerar gefe, ya haɗe rai kamar wanda aka kai kasuwa a kan jaki.

"Mai Zare, motar ga ta lalace," in ji shi, tun kafin a kashe inji. "Jiya na gwada ta a layinmu, sai ja take yi hagu. Tsakiyar titi kawai take nema."

"Sannu da zuwa dai tukuna, Alhaji. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya warke sarai. Motar ce ba ta da lahiya."

Fita daga Kwalekwale aiki ne ko ga mai lafiya. Alhaji ya dafa ƙofa da dama, Obadiya ya zagayo ya kama masa hannun hagu. Hannun da ɗumi, da taushi, da nauyi. Ya kwanta a tafin Obadiya bai riƙe shi ba, bai kuma ƙi a riƙe shi ba. Da Alhaji ya miƙe tsaye sai ya yi maza ya janye shi ya tura cikin riga, ya shiga faɗan yadda aka bar taɓo a bakin gareji.

Sirajuddeen ya ja Obadiya gefe.

"Baba Obadiya, kai kaɗai Alhaji ke jin maganarka," ya ce da murya ƙasa. "Ni hannun nan nike tsoro, amma ya rantse motar ce. Mun yi da shi: in ka duba ka ce lahiyarta lau, zai ba ni makulli, an gama, mu rufe ta. In kau da gaske ita ce, ka gyara. In ta miƙe a hannunshi ba ni da ta cewa, ku tahi Rawayau."

"To, ku bar mani ita," in ji Obadiya.

Da suka tafi ya ɗauko zare. Ya rataya a tayar hagu, ya tsuguna, ya kanne ido. Ya koma ta dama. Ya sake dawowa ta hagu, wai ko idon ne ya yi masa wasa. Babu abin da ya motsa. Ƙafafun Kwalekwale suna nan tsaye daidai yadda ya bar su bara, saitin da ko shi da ya yi shi sai da ya ji daɗin gani. Bai taɓa jin haushin aikinsa mai kyau ba sai ranar.

Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, wai ya duba ko wani noti ya saki, alhali ya san babu. Ƙasa da sanyi. Warin tsohon giris ya gauraya da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, rana tana ɗigowa ta tsakanin ganyen darbejiya tana yawo a kan ƙarafa. Idonsa ya yi nauyi. Sai ya ga motar ta tashi daga ƙasa a hankali tana tafiya a kan ruwan Zobe, su biyu a ciki, samari, ba furfura. Tukur ya saki sitiyari ya ɗaga hannuwa biyu sama yana dariya. Gero ya tsiro a ƙarƙashin ruwan, kore shar, kifaye suna ratsa shi, masunta sun daina jefa taru suna kallonsu. Suka yi ta tafiya ba jijjiga ba ƙara. Can sai ruwan ya janye, ya zama daɓen zaure, aka lulluɓe motar da bargo, Tukur yana zaune a kujerar roba a bakin ƙofa yana kallon masu wucewa, ba wanda yake yi wa faɗa. Kiran sallar azahar daga masallacin tasha ne ya farkar da shi.

Ya daɗe a kwance yana kallon cikin motar. Ya gane abin da ke faruwa. Alhaji yana ɗora hannun nan a ɓarin hagu na sitiyari, hannun ba ya riƙo, sauka yake yi da nauyinsa, sitiyarin ya bi shi, motar ta bi sitiyarin. Hannu kuwa ba shi da noti ballantana a ɗaure. Abin da ke da noti ita ce motar.

Da ya koma gida matarsa Dina tana tankaɗe a tsakar gida. Ya wuce kai tsaye wajen buhun gero, ya shimfiɗa wani tsohon ƙyalle, ya ɗiba ya zuba. Ya tattare bakin ƙyallen ya ɗora a tafinsa, ya rufe ido. Ya ƙara kaɗan. Ya sake rufe ido. Ya rage.

"Baban Felicity, kaji ka saya ban sani ba?" in ji Dina.

"Hannun Alhaji nike aunawa."

Ta ajiye rariya. Ya zauna a kan turmi ya gaya mata duka: motar lafiyarta ƙalau, in ya faɗi haka an rufe ta, an rufe Alhaji tare da ita. Abin da zai yi shi ne ya kwantar da tayar dama waje, motar ta riƙa ja dama daidai gwargwadon yadda hannun ke janta hagu, sai ja biyun su kashe juna.

Dina ba mai saurin magana ba ce, amma in ta yi tana sauka inda ake jin zafi.

"To in wani ya hau motar fa?"

"Za ta ja shi dama."

"Sai a ce wa ya yi saitin?"

"Ni."

"Sai ka yi masu bayani."

"In na yi bayani an karɓe makullin. Kuma duk gari ya ji cewa hannun Alhaji ya mutu."

Ta dubi garin da ke cikin ƙwarya. "Sunan nan fa shi kaɗai gare mu a garin ga," ta ce.

"Na sani."

Ta miƙa hannu ta karɓi ƙunshin, ta jinjina shi, kamar ita ma ta san nauyin. Sannan ta ɗaure bakinsa tamau, irin ɗaurin da ba ya kwancewa sai da haƙori, ta mayar masa. "Ka dai maido mani da gerona," ta ce.

Kashegari ya rataya ƙunshin a ɓarin hagu na sitiyari, ya fita da motar wata hanya ta bayan gari inda ba kowa sai awaki. Ya sassauta riƙo. Kwalekwale ta sulale hagu, daidai yadda Alhaji ya faɗa. Ya dawo ya ɗaga ta da jak, ya kwance, ya sauya washa, ya ɗaure, ya sake fita. Ta rage ja amma ba ta daina ba. Haka ya yini, fita da dawowa, har maƙwabcinsa mai gyaran inji ya leƙo ya tambaya ko Mai Zare ya koma koyon tuƙi ne. Wajen la'asar ta miƙe. Ƙunshin gero yana lilo a sitiyari, motar tana tafiya sak, ko karkata babu. Ya tsaya ya cire ƙunshin ya sake gwadawa, nan take ta nufi ramin gefen dama.

Ya dawo ya rataya zare a tayar, don ya ga abin da ya aikata da idonsa. Tsakanin zaren da saman taya da ƙasanta akwai bambancin da ko makaho zai laluba ya ji. Tun da ya fara sana'a bai taɓa barin mota ta fita a haka ba. Kunya ta kama shi ko da yake ba mai kallo, ya naɗe zaren da sauri ya sa a aljihu.

Ranar tafiya Alhaji ya zo cikin farar babbar riga, har da turare.

"Mi ka samu?" ya tambaya.

"Ƙafar dama ce na taɓa," in ji Obadiya. Wannan dai ba ƙarya ba ce.

"Ka ji ko?" Alhaji ya juya wajen ɗansa. "Na ce maka motar ce."

Ya shiga ya zauna. Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu daga cinyarsa ya ɗora a kan sitiyari, Obadiya kuwa ya ga ya dace a lokacin ya duba ko hadari na haɗuwa a gabas. Inji ya tashi. Suka fita daga bayan tasha, Sirajuddeen yana biye da su a kan mashin, idonsa a kan tayoyin baya. Suka wuce masu shayi, suka wuce gidan mai, suka hau titin Kurfi. Kwalekwale ta kama gefenta ta miƙe. Wata babbar mota ta taho da buhuna, ta wuce su da iskarta, Kwalekwale ko gezau. A ƙarshen gari Sirajuddeen ya tsaya a gefen titi. Obadiya ya waiwaya ya gan shi ya ɗaga hannu, sannan ya sa bayan hannun ya share ido.

Daga nan duniya ta buɗe. An yi ruwa da asuba, kwalta tana fitar da tururi sama-sama, motar tana ratsa shi ba a ganin ƙafafunta. Gero dama da hagu ya fi su tsawo, kawunansa sun fito sabbi suna kaɗawa, daga ƙasa inda suke zaune sai ka ga kamar sararin sama a kan geron yake kwance. Balbelu suka tashi daga bayan wasu shanu suka bi su na ɗan lokaci, farare tas, sannan suka gaji suka sauka. Duwatsu suna fitowa daga cikin kore, jiƙaƙƙu, baƙaƙe, su matso su gaishe su su koma. Iska ta cika rigar Alhaji ta kumbura ta. Obadiya ya rasa ko a farke yake ko har yanzu yana kwance a kan buhu a ƙarƙashin mota, ya ƙi tsunkulin kansa don kada ya gano.

Abokan da suka daɗe ba su da sauran labarin da ya cancanci a ɗaga murya a kan ƙarar inji. Sau ɗaya kawai Alhaji ya fara wata waƙar noma ta zamanin ƙuruciya, ya manta baiti na biyu, ya yi tsaki, ya yi dariya. Obadiya yana satar kallon hannun. Yana nan kwance a kan sitiyari yana sauka da nauyinsa, motar tana tare shi daga ƙasa ba tare da ya sani ba. Farin ciki ya cika Obadiya.

Suka sauka daga kwalta suka kama burji, jar ƙasa mai laushi da ruwa kwance nan da can. Tun kafin su ga rufin gidajen Rawayau suka ga mutane sun fito bakin gonaki da fartanya a kafaɗa. Masu mashin suka kauce suna ɗaga hannu. Daga wata makarantar allo karatu ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da ƙarfi saboda malam ya ɗaga bulala.

Gogo tana ƙofar gida a kan tabarma. Ta tsufa har idonta ya koma fari, amma kunnenta ras. Ta sa aka kama ta ta taso, ta laluba ta dafa gaban motar, ta bar hannunta a kan ɗumin ƙarfen.

"Tukur, wa ya tuƙo ka?"

"Ni na tuƙo kaina, Yaya."

"An ce mani rabinka ya mutu."

"Masu faɗa ne suka mutu rabi. Ga Obadiya nan ki tambaye shi."

"Da hannunshi ya kawo mu, Gogo," in ji Obadiya. "Tun daga Dutsin-Ma ban taɓa sitiyari ba."

Tsohuwar ta yi hamdala, ta yi ta yi, hawaye yana bin tamojin fuskarta. Aka dama fura. Alhaji ya shiga gonar mahaifinsa yana jan ƙafa, ya tsaya a tsakiyar gero ya daɗe, ba a ganin komai nasa sai hula. Suka juyo da wuri, don yanzu ba a son yamma ta riski mutum a hanya.

Daɗin bai kai girbi ba. Wata rana Sirajuddeen ya ɗauki motar zai kai wanki, yana hawa titi ta fizge shi dama, saura kaɗan ya shiga kwata. Ya tsorata, ba don kansa ba, don tunanin abin da ya bar mahaifinsa ya hau har Rawayau. Bai gaya wa kowa a gida ba, ya lallaɓa da ita Katsina, wani gareji mai na'urar kwamfuta. Suka ɗora ta, na'ura ta nuna ƙafar dama a kwance, masu garejin suka tambayi wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki. Suka miƙe ta tsaf.

Sirajuddeen ya zo gindin darbejiya da kansa, ya durƙusa ya gaida Obadiya kamar kullum. Ya faɗi abin da ya faru yana kallon ƙasa, kamar shi ne mai laifin.

"Allah ne kawai ya tsare ku ran nan," ya ce. "Baba, ko idon ne ya fara?"

Amsar tana bakin Obadiya. Kalma kaɗan ce, da ya faɗe ta da sunansa ya tsira, har ma ya ƙaru. Ya dubi yaron, ya tuna kujerar roba a bakin zaure.

"Wataƙila idon ne," ya ce.

"In ka shirya sai in kai ka asibitin ido. Don Allah kada ka ji komai."

Sirajuddeen ba mai yawo da magana ba ne. Mutum ɗaya ya gaya wa, shi ma don neman shawarar likita. Amma mutum ɗayan yana shan shayi a tasha. Kafin gero ya bushe maganar ta zaga: zare ya tsufa, Mai Zare ya tsufa, ya kusa kashe amininsa. Ba wanda ya zage shi. Da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Direbobi suna wucewa su ɗaga masa hannu da ladabi, su yi gaba da motocinsu zuwa wani wuri. Wanda a da yake cewa saki sitiyari ka sha shayi, yanzu in ya gan shi sai ya tambaye shi ya jiki. Abin ya ci Obadiya ƙwarai. Yakan zauna tun safe har yamma, ganyen darbejiya yana zuba a inda motoci ke tsayawa da, ya share, ya sake zuba. Ran Lahadi ya koma zama a bencin baya. Dina ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba, sai dai ta ƙara masa nama a miya, wanda ya fi maganar ciwo.

Wata safiya, an fara yankan gero, yana gyangyaɗi a kan benci sai ya jiyo kukan da ya sani. Ya ɗauka mafarkin ne ya dawo. Ya buɗe ido ya ga Kwalekwale tana tahowa daga kwanar tasha a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai. Tana sulalewa hagu, a fizgo ta, ta sake sulalewa, a sake fizgo ta. Masu mashin suna kaucewa suna salati. Alhaji Tukur ne a ciki shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa hula.

Ya tsaya a gindin bishiyar ya kashe inji. Bai yi yunƙurin fita ba. Obadiya ya taso ya tsaya a gefen ƙofa.

"An ce ka tsufa," in ji Alhaji.

"Haka aka ce."

"An ce idonka ya tahi."

"Shi ma na ji."

Alhaji ya dubi sitiyari. "Sirajo ya kai ta Katsina sun gyara. Sai jiya ya hwaɗa mani. Yau na ce bari in ji gyaran ƙwararru." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Tun daga gida take neman tsakiyar titi, Obadiya. Kamar ran farko."

Wata kurciya tana kuka a saman darbejiya, can tasha wani yana kiran Kankiya, Kankiya, saura mutum ɗaya.

"Ina ta tunani a hanya," in ji Alhaji. "Mota miƙaƙƙiya ta karkace a hannuna. Karkatacciya ta miƙe." Ya ɗago ya dube shi, idonsa ya kaɗa. "Kuma ka bari suna cewa idonka ne."

"Ido ai yana tsufa, Alhaji."

"Rufe mani baki." Ya ja numfashi. "Yau zan zauna da Sirajo, zan kuma biya tasha in sha shayi, su ji daga bakina. In ya karɓe makullin bayan nan, ya karɓa. Amma Gogo ta aiko, wai in zo in ga dammunan bana kahin a sa a rumbu. Ka sake ɓata mani ita, ko sau ɗaya ne."

"Geron da na auna da shi Dina ta yi kunu," in ji Obadiya.

"Wane gero?"

"Nauyin hannunka."

Alhaji ya dube shi. Sannan ya sa hannun dama ya ɗauko na hagu daga kan sitiyari, wannan karon bai jira a kau da kai ba, ya miƙo shi ta saman ƙofa, a fili, a gaban masu shayi da masu faci da duk mai wucewa.

"Ga shi, auna da kyau," ya ce. "Ina jin ya ƙara nauyi."

Obadiya ya tara tafukansa biyu ya karɓa. Ya rufe ido. Ya ƙara kuwa, ba kaɗan ba.

"Sai na ƙara washa," ya ce.

"To ƙara mana."

"Bari tukuna, ban gama aunawa ba," in ji Obadiya, bai kuma saki hannun ba.